Kwaɗon da Ba Shi da Huda

Shekara talatin da ɗaya ina yankan makulli
a bakin titin Tudun Wada, jikin rumfar mai shayi.
Na san kukan kwaɗon da ya ƙoshi da mai,
na san na mai tsatsa, mai gardama kamar tsohon bashi.
Ba a taɓa kawo min wanda ya kai la'asar
bai buɗe baki ba.

Ranar Alhamis Barira ta dawo daga Samaru,
alli a gefen mayafinta,
ta ɗauki wayata ta ce, Baba, ga wanda ya fi ƙarfinka.
Saƙon da ka tura wa Kawu Nadabo
kan kuɗin taki da ciwon gwiwarsa,
a kulle ya bar hannunka, a kulle ya isa Giwa.

Na juya wayar. Ba ƙarfe, ba huda.
Ta ce da lissafi aka ƙera shi:
lambobi biyu masu taurin kai, da ba sa rabuwa,
a ninka wannan da wancan.
Haɗa su, zuba gishiri ne a miya.
Raba su kuwa, je ka tsamo gishirin.
Ko injinan duniya sun taru suna gwada makulli,
sai Kufena ya zama yashin Kubanni
ba su dace ba.

Na yi dariya. Haka maginan ganuwa suka ce.
Je ki Ƙofar Gayan ki gani,
awaki ke kiwo a kan abin da ya hana mayaƙa barci.
Ba mashi ne ya ci ta ba.
Damina ce, da haƙuri, da shebur ɗin masu bulo.

Ba ta musa ba.
Ta ce akwai wata na'ura tafe, kwantam,
rarrafe take har yanzu a ɗakuna masu sanyi,
amma ran da ta miƙe
za ta tsamo gishirin tana hamma.
Kuma akwai masu tara saƙonnin mutane a kulle,
dami kan dami, rumbu bayan rumbu,
ba sa gaggawa,
ranar sussuka suke jira.

A nan dariyata ta tsaya.
Na tuna abin da na riƙa faɗa wa mahaifiyarta
cikin dare, tana kwance a Shika,
maganar da ko bango ban so ya ji ba.
Ashe tana iya kasancewa a rumbun wani.

Na ce, to me kuke yi?
Ta ce, muna sake ƙira.
Sabon kamar aikin babbar riga yake,
zare bisa zare, gida ɗari bisa ɗari,
a ɓoye ƙulli ɗaya a ciki, a ce nemo.

Zai dawwama?
Ta daɗe tana kallon zartona.
Ban sani ba, Baba.
Mukan rataye shi ne a tsakiyar kasuwa,
mu gayyaci duk mai dogon hannu ya gwada.
Wanda ya kwana shekaru bai buɗu ba,
shi muke sa wa ƙofa,
muna ƙera na bayansa tun bai gaji ba.

Wannan na gane. Sana'ata ce.

Sai na ba ta nawa sanin:
rabin ƙofofin da aka fasa a garin nan
ba kwaɗon ne ya gaza ba,
makullin na ƙarƙashin randa.

Ta ce, Baba, mene ne lambar sirrin wayarka?
Na yi shiru.
Shekarar haihuwarta ce.

Ta sauya min ita kafin magariba.
Har yanzu ina haddacewa,
ina goga zarto, leɓena na motsi,
mai shayi ya zaci tasbihi nake.